Ƙafar Nomau da Sunan da Ba Na Kamawa

Zuwa ga Likita, mai asibitin kuɗi na bakin kwalta, tsakanin Agiye da Gazawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da ma'aikatanka, tun daga masu allura har mai shara. Ina gaida iyalinka, manya da yara. Allah ya sa wannan takarda ta same ka zaune, don ni dai tun kaka nake neman in same ka zaune ban dace ba.

Sunana Mati. Manomi ne ni, a wani ƙauye kudu da Gazawa, inda hanyar mota ta ƙare ta amalanke ta ɗauka. Ban yi lakol ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba. Abin da aka san ni da shi a wajenmu shi ne riƙe magana. In an yi gardamar iyakar gona, ko wa ya haƙa rijiya kaza, ko wace ce kakar wane, ni ake aikowa a ɗauka a babur. Mai rubuta wannan ɗiyar ƙanena ce, Malama Rabi, tana koyarwa a lakol ɗin garinmu. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya, kada kuma ta rage. In ka ga magana ta karkace, bakina ne, ba alƙalaminta ba.

Sunanka da na asibitinka ban sa an rubuta ba. Ka san kanka, masu zuwa wurinka ma sun sani. Na sa wasiƙar a fili ne, a manna a tasha, a kai wa gidan rediyo, saboda na lura takardar da ta shiga ta tagar buronka, wato ofishinka, ba ta cika fitowa ba.

Abin da ke tafe da ni ƙafa ce. Ɗana na fari, wanda muke kira Nomau don an haife shi ana tsakiyar noma, magidanci ne mai iyali, gemunsa ya fara furfura. Ƙafarsa ta hagu ta karye a hatsarin mota, a asibitinka aka fara ɗaure ta, yanzu ƙashin yana kamawa a karkace. Babban asibitin Maraɗi sun ce ana iya gyarawa in an yi da wuri. Masu inshorar motar sun ce za su ɗauki nauyin aikin. Su duka biyun abu ɗaya suke jira daga hannunka: takardar shaidar likitan da ya fara ganinsa, da hoton ƙashin da aka ɗauka ran nan, da dosiyensa, wato kundin abin da aka yi masa. Ba ni da wata buƙata bayan wannan. Sauran maganar duk bayani ne na yadda aka yi takardar nan ta gagara.

Na farko, ranar da abin ya faru.

Bayan an gama cirar aya, Nomau ya ɗauki buhunansa a motar haya zai kai kasuwa. Taya ta fashe a kan kwalta, motar ta kwanta. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Wani ɗan kabu-kabu na garinmu, mai babur ɗin haya, ya same ni ina ɗaurin kara a gona, ya ɗauko ni yadda nake, ko hula babu. Na tarar an riga an shigo da shi wurinka. A nan zan faɗi gaskiya, don ba na so a ce tsoho ya manta alheri: ba ku ɓata lokaci ba. Kai da kanka ka fito, ka naɗe hannun riga, ka duba, ka sa aka ɗauki hoto, aka tsayar da jini, aka ɗaure ƙafar da siminti irin na asibiti. Na ga gumi a goshinka. Ban manta ba.

Ana cikin haka sakatarenka, mutumin nan mai tabarau da ke zama bayan taga, ya kira ni ya ce in faɗi sunan maras lafiya. Katin shaidar Nomau yana can hannun jandarma a wurin hatsarin suna rubuta rahotonsu. Shi kansa yana ciki, ba ya cikin hayyacinsa. Na waiwaya ko zan ga wani ɗan garinmu ya amsa, babu kowa, ɗan kabu-kabun ya koma ɗauko matan gida. Sai na ce Nomau. Ya ce Nomau wa, na ce Nomau Mati. Ya rubuta, ya ce in je in zauna. Bai tambaye ni ko sunan yanka ne ko laƙabi ba. Da ya tambaya, da na ce masa laƙabi ne, a dakata mai faɗin na yankan ya iso.

Na biyu, dalilin da ya sa na faɗi haka.

An ce mini kai ɗan ƙasar nan ne, ba sai na koya maka ba. Amma tunda wasiƙar a fili take, mai yiwuwa baƙo ya ji ta, bari in faɗa. Mu a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan farinsa. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka taras. Ranar sunan Nomau tun da sassafe na ɗauki gatari na shiga daji. Yayan mahaifina ne ya zaɓi sunan ya raɗa wa liman, aka yanka rago, aka watse, ni sai da la'asar na dawo ta bayan gida, abokai suna ta yi mini tsiya wai itacen da na saro bai isa dafa kan ragon ba. Daga ranar har gemunsa ya soma fari, sunan nan bai bi ta bakina ba. Ko wani na haɗu da shi mai irin sunan, mai sunan yaro nake ce masa, kuma duk sun saba. Ni ma ɗan fari ne. Ubana, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Ubangijinsa "kai wannan" yake ce mini, ban kuwa taɓa jin ya rage ni da komai ba.

Zamanin da ake ƙidayar haraji a ƙofar mai gari, in aka zo kan ɗan fari, ƙanen uba ke amsawa, masu rubutun kuma sun san haka, ba su tsayawa gardama. Masu lambar rigakafi da suka zo muna yara hannu kawai suka nema. Na kawo wannan ne don a san abin ba jiya ya fara ba, kuma waɗanda suka riga ku zama a buro sun sami yadda suka yi da shi.

Malama Rabi ta ce in ce na yi kuskure, ko zuciyarka ta yi sanyi. Na ce ba zan ce ba. Daga nan har bakin iyaka, ka ce Nomau Mati, za a nuna maka ƙofar gidansa. Ka faɗi sunan da ke kan katin, sai mutane sun tsaya tunani. Ban ba ku sunan ƙarya ba.

Na uku, yadda takardu suka ƙi haɗuwa.

Da aka fasa simintin, ƙafar ta fito ba yadda muka san ta ba. Ta gajarta, tafin yana kallon waje. Babban mai jinyarku, wanda kuke ce wa majo, shi ya ce mu wuce Maraɗi. Likitan ƙashi na can ya tattaɓa, ya ɗauki nasa hoton, ya ce ƙashin ya fara kamawa ba a kan hanya ba. Ya ce in aka buɗe da wuri aka sa ƙarfe, mutumin zai koma gona. In kuwa aka bari ya gama kamawa, aikin ya zama wani abu dabam, ba ya kuma alkawarin ƙafar ta dawo daidai. Ya ce yana son ganin hoton farko da magungunan da aka ba shi, don ya san daga ina karkatar ta faro. Ya faɗi abin da aikin zai ci. Ba zan maimaita shi a nan ba. Ya isa a ce ko an sayar da shanun noman gidanmu har da amalanken, ba za a kai ba.

Direban motar mutumin kirki ne, shi ma da ɗauri a hannu ya kai mu buron inshora, abin da su ke ce wa asiransi. Ma'aikacin wurin ya ba mu kujeru ya buɗe dosiye. Rahoton jandarma yana ciki da sunan yanka. Katin shaida, sunan yanka. Sai ya ɗauki ɗan littafin nan na asibitinka da kuka ba mu, ya ga Nomau. Ya ce mini a wurinsu mutum biyu ne nan, ɗaya ya yi hatsari bai je asibiti ba, ɗaya ya je asibiti bai yi hatsari ba. Ya ce shi ya yarda da ni, shi ma uwarsa har yau ba ta kama sunansa, amma masu sa hannun ƙarshe suna Yamai, ba su san wani Nomau ba. Ya ce magani ɗaya ne: likitan farko ya rubuta shaida da sunan yanka, ya nuna cewa wanda aka rubuta Nomau shi ne dai wannan, ya sa hannu da hatimi, ya haɗa da hoto da dosiye. Ya ce aikin bai kai a dafa shayi a sha ba. Ya kuma ce in sani dosiye ba ya zama a buɗe har abada.

Na huɗu, zirga-zirgar da na yi.

Ban ƙirga zuwana ba. 'Yan kabu-kabun tasha sun daina tambayata ina za ni, da sun hango ni sai ɗaya ya ta da babur. Zan dai jero amsoshin yadda suka zo.

An ce ka tafi misyon, wai tafiyar aiki. An ce ka dawo amma kana taro. An ce kana ciki, amma yau ranar masu juna biyu ce. An ce makullin kabad ɗin da dosiyoyin kaka suke yana wurin wata ma'aikaciya, ta tafi biki Tasawa. Da ta dawo aka ce hoton ƙashin ba ya cikin kabad, yana cikin na'ura, na'urar kuma tana jiran wuta. Da wuta ta zo, tawada ta ƙare. Azumi ya kama, aka ce a bari jiki ya yi ƙarfi bayan salla. Ban ce ƙarya aka yi mini ba. Mai yiwuwa kowace amsa gaskiya ce a ranarta. Abin da na lura da shi kawai, ba a taɓa ce mini a'a ba. Kullum ka dawo ne. Da tun farko a'a aka ce mini, da na san inda na dosa.

A tsakanin nan ne sakatarenka ya fito mini da ƙa'idar. Ya ce gyaran suna ba wasa ba ne, sai wanda ya ba da sunan farko ya zo ya warware shi da bakinsa. Na ce ga kati, na ɗora yatsa a kai, na ce abin da ke nan shi ne. Ya tambaye ni ko na iya karatu, na ce a'a. Ya ce to ta yaya na san abin da yatsana ke nunawa? Ban ga laifinsa a nan ba, tambayar tana kan hanya. Na ce a kawo Nomau ya faɗi sunansa da kansa, ya ce mai neman haƙƙin inshora ba ya zama shaidar kansa.

Sai na koma na zo da uwarsa. Ita da ta haife shi ta fi ni nisa da sunan, tana jin abin da ake so ta ja mayafi ta rufe baki. Na zo da matarsa Hadiza, ita kuma ba ta kama sunan miji, balle a gaban surukinta. Muka tsaya mu uku a taga, mu ne muka fi kowa kusa da shi a duniya, ba mai iya cewa uffan. Mutanen layi suna ta dariya. Wata dattijuwa ta leƙa taga ta tambayi sakataren ko shi ba mace ce ta haife shi ba, ko daga cikin kabad aka ciro shi. Shi ma sai da ya yi dariya, amma bai ɗauki alƙalami ba.

Limaminmu ya bar karatunsa ya biyo ni. Ɗan limamin da aka raɗa wa sunan ne. Ni na ja baya na ba su wuri, shi ya faɗe shi sarai. Sakatare ya ce ya ji, amma ba liman ne ya ba da na farko ba. Takardar mai gari ma ya karɓa da hannu biyu, ya danne ta da kofin shayinsa, zuwana na baya tana nan ƙarƙashin kofin. Ya ce ƙa'idar kai ka kafa ta, tun da aka taɓa samun wani ya karɓi takarda da sunan ɗan'uwansa, kai kaɗai kuma za ka iya ɗaga ta. Na ce to a haɗa ni da kai. Ya ce ka tafi misyon.

Na biyar, abin da ya sa na nemi a rubuta wannan.

Bayan salla sakataren ya ce mini ranar kasuwa mai zuwa kana nan, babu shakka. Ni da Nomau ba mu cika zama wuri ɗaya ba, haka tsarin yake, in ina da magana ta bakin uwarsa ko ƙanensa take bi. Amma a makon nan na hango shi ta kan danga ya fito alwala, yana dafa bango yana jan ƙafar. Na ga tafin ya ƙara juyawa. Mutumin da ke ɗaukar buhun aya shi kaɗai ya aza a mota, buta ta gagare shi. Sai na yanke shawara, ban gaya wa kowa ba.

Ranar na yi wanka na sa rigar Juma'a na zo. Motarka tana ƙarƙashin itacen bedin nan, wato dogon yaro, na tsakar asibiti. Labulen ɗakinka a sake, fanka tana kaɗa shi. Na ɗauka kana ciki kana ji. Na tsaya a taga na ce wa sakatare ya ɗauki alƙalaminsa, ban jira ya amsa ba na faɗi sunan. Sau ɗaya, da muryar da za ta kai bayan labule. Ba abin da ya faru. Mai shara ya ci gaba da shararsa. Bakina ne kawai ya yi ɗaci kamar na tauna ganyen bedin. Wata 'yar garinmu da ta kawo jikanta awo tana kan benci, ta kau da kai ta yi kamar ba ta ji ba, Allah ya saka mata da alheri.

Sakatare ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce da na tsaya ya yi magana tukuna. Ya ce ka tafi Maraɗi tun da safe a motar wani, taka ce ta ƙi tashi. Ya ce abin da aka faɗa ba a gabanka ba, kamar ba a faɗa ba ne. Ya ce in dawo. Ya biyo ni har bakin ƙofa yana ba ni haƙuri, ya saya mini ruwan leda. Na karɓa don kada ya ji kunya.

Labari ya riga ni isa gida. Ba wanda ya yi mini maganar. Uwar yaran ta ajiye mini fura ta fita. Can sai ga ƙanen Nomau da saƙo, wai a gaya wa Baba ya bari haka nan, shi zai koyi tafiya da ita yadda take. Na ce a koma a gaya masa ba a tambaye shi ba.

Na shida, halin da ake ciki yau.

Mutane sun gaji da jira, sun fara kawo shawara. Jauro, Bafillacen da ke sauka gonata da shanunsa kowane rani, ya ce akwai maɗori wajen Sae Sabuwa da ke karya ƙashi ya sake ɗora shi, ya ce ya ba da amalanke da jakinsa kyauta, shi bai ga amfanin takardar da ba ta ɗori ba. Iyayen Hadiza ma bakinsu ɗaya da shi. Ba na raina maɗora, na san ƙafafun da suka miƙe a hannunsu, zan iya jero maka masu su. Amma masu inshora sun ce in wani hannu ya taɓa ƙafar sun fita, likitan ƙashi ma haka ya ce. Saboda haka ni kaɗai nake tare ƙofa ina cewa a jira, abin da nake sa a jira kuwa yana cikin kabad ɗinka.

Gajimare ya fara haɗuwa a gabas. In ruwa ya sauka, koramar da ke tsakaninmu da kwalta tana cika, mai ƙafa biyu ma sai ya naɗe wando, balle wanda za a ɗauka kwance. Likitan Maraɗi ya sa an kira ƙanen Nomau a waya an tambaya ko mun fasa ne, an kuma tuna mana ƙashin bai daina kamawa ba. Gonar Nomau tana nan ba a yi mata sassabe ba. Wannan za mu yi masa gayya, ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce baɗi ma a sake yi masa gayya, da baɗin waccan, mutum ya koma zaman ƙofa yana da sauran ƙarfinsa.

Likita, a haife na haife ka, ka ji wannan daga bakin tsoho. Na san filin da asibitinka yake tun yana gonar gyaɗa. Na san mai ita, na san abin da ya sa 'ya'yansa suka sayar. Ranar da aka aza tubalin farko ina cikin masu murna, don kafin nan mai karaya da mai naƙuda sai a amalanke har Agiye, na kuwa san waɗanda ba su kai ba, da wurin da kowannensu ya cika. Abin da ke zama a kaina ba ni nake zaɓa ba, mai daɗi da maras daɗi duk zama suke yi. In nan gaba aka tambaye ni labarin asibitin nan, zan faɗi gumin goshinka, zan kuma faɗi tagar nan da kofin shayi. Ina so in sami abin da zan ƙara a bayansu.

Ga roƙona.

Ranar kasuwa mai zuwa ka zauna a buronka daga safe zuwa azahar. In ba zai yiwu ba, ka aiko mini da rana da wuri ta bakin kowane ɗan kabu-kabu, duk sun san gidana. Ko Maraɗi ne zan same ka.

Ka sa a ciro dosiyen da hoton kafin ranar, a nemi makulli tun mai shi tana gari. In tawada ta sake ƙarewa, na tambayi masu inshora sun ce rubutun hannu ma suna karɓa, in dai da hatimi.

Ka sa mai taga ya riƙa tambayar duk wanda ya kawo maras lafiya ko sunan yanka ya faɗa ko laƙabi. In ya ga dattijo ya tsaya yana waige-waige, ya san ɗan fari aka kawo, ya bar wurin sunan a buɗe har wani ya iso. Ba ni kaɗai ne na rage a ƙasar nan ba. Kuma in za ka yi tafiya ka bar wanda hannunsa ke ci a bayanka, don na ga waɗansu a kan bencin nan da ba su da matsalar suna, su ma tun kaka suke dawowa.

Kada ka taɓa sakatarenka saboda wannan wasiƙa. Abin da ka kafa masa yake bi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da iyali yake.

In kuwa ka ga ba za ka bayar ba, ka ce a'a, ka rubuta ta ka sa hannu, in ɗauka in kai wa hukumar da ke sama da kai. Wannan ma taimako ne.

Ni dai zan zo ranar kasuwa. Zan zo da Nomau a amalanken Jauro, kwance a kan katifa, ka ga ƙafar da idonka. Zan sa a tsayar da shi can ƙarƙashin bedi, inda murya ba ta kaiwa. Zan shiga in ɗaga labulen da hannuna, in ga fuskarka tukuna, sannan in faɗi abin da ƙa'idarka ke so. In na ɗaga na ga kujera ba kowa, ba zan sake faɗa wa labule ba. Zan shimfiɗa buzuna a bakin ƙofar, ni a nan shi a can, mu jira ka.

Malama Rabi ta ce ya kamata sunan ya fito a wasiƙar don a sami dosiyen da sauri. Na ce ta rubuta shi a can ƙasa, bayan na ɗora yatsana, in kuma za ta karanta mini abin da ta rubuta, ta tsaya kafin ta kai wurin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a hannunka kamar yadda na gani ran nan. Allah ya tsare ka a kan hanyoyin nan da kake yawan bi. Allah ya raya maka zuriyarka, ya kuma sa kada wata rana ta kai ka tsayuwa a tagar wani saboda ɗanka. Amin.

Wassalam.

Ni ne Mati, uban mai ƙafar. Ga yatsana.

Sunan da ke kan katinsa: Haruna Mati.